Fayil na Arba'in da Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka je Gashua ba. Ko da ni na manta, akwai mutanen da suka koma gidajensu da shaidar a hannu, an buga ta a farar takarda, an maƙale da fin.

Ni ce yarinyar nan da ke zama a bencin ƙarshe kusa da taga, a aji biyar na sakandarenmu da ke Nguru. Malamai suna cewa ina da kunya da natsuwa, mahaifiyata ma haka take gaya wa maƙwabta. Gaskiyar magana, bakina ne kaɗai a rufe. Idona ba ya hutawa. Na san wadda ke ɗinke farar safarta da baƙin zare, na san wadda ke motsa baki kawai lokacin taken ƙasa. Kuma duk abin da na gani sai na rubuta, ba da tausayi ba. Da a bayan littafin lissafi nake rubutawa, har ranar da wata ta ari littafin, daga nan na daina.

A wannan shekarar aka turo mana 'yar bautar ƙasa daga kudu ta koyar da kwamfuta. Anti Kofa muke ce mata. Ba ta jin Hausa in ban da gaisuwa. Ta kafa ƙungiyar kwamfuta, mu takwas da laftof biyu, ta buɗe wa kowacce wurinta a ma'ajiyar intanet, inda za ki ajiye aikinki ki same shi ko da laftof ɗin ta lalace. Ita ce malama ta farko da ta lura na iya wani abu ban da yin shiru. Ta ba ni mukullin ɗakin kwamfuta, in buɗe, in rufe. Na saka masa zare na rataya a wuya ƙarƙashin hijabi. Ban taɓa riƙe abin da ya sa aka san sunana a makarantar nan ba sai shi, har 'yan aji shida sukan zo su roƙe ni in bar su su yi cajin tocila.

To me na yi da amanar? Na buɗe wata folda na kira ta "Aikina", na saka fayil ɗin gulmata a ciki, na ba shi suna "jadawali" don kada kowa ya yi sha'awar buɗewa. Da Hausa nake rubutawa, domin ko Anti ta leƙa ba abin da za ta gane. (A lokacin ina ganin babu mai wayona daga Nguru har Damaturu.)

Sai aka gayyaci makarantu biyar baje kolin ayyukan ɗalibai a Gashua. Mu aikinmu a kan kacala ne, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa ta hana masunta da manoman shinkafa sakat. Kowacce ta je ta yi hira da dattawan gidansu, muka buga hirarraki arba'in da Hausa. Ni na tattara su a wata folda mai suna "Hirarraki", a cikin "Aikina". Amma wasu daga cikin alƙalan ba sa jin Hausa, don haka dole a mayar da su Turanci. Anti ta nuna mana injin fassara wanda ba sai an ba shi ɗaya bayan ɗaya ba, folda guda yake kwashewa ya fassara gaba ɗaya. Abu uku kawai za a gaya masa: inda zai ɗebo, harshen da zai mayar, da inda zai zuba.

Ta zana akwati uku a allo. Na farko foldar Hausa. Na biyu folda rufaffiya, nan injin zai zuba, mu zauna mu duba mu gyara, domin inji yana kuskure. Na uku folda buɗaɗɗiya wadda masu shirya taron ke da hanyar shiga. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin na ukun, ta ce kada komai ya shiga nan sai ta gani da idonta.

Falmata, wadda ke zama kusa da ni a ƙungiyar, ta ɗaga hannu ta tambaya ko injin yana zaɓen abin da zai fassara ne ko duk abin da ya tarar. Na ɗan juya ido. A ranar na rubuta: "Falmata ta yi tambaya goma sha ɗaya yau, tara daga ciki an riga an amsa." Amsar da Anti ta ba ta ban ji ba, ina can ina ƙirga.

Ranar Laraba aka kira 'yan bautar ƙasa wani taro na kwana biyu, Anti ta bar min aikin. Na zauna kamar wata injiniya, Falmata a gefena tana numfashi a kafaɗata. Wurin ɗebowa na danna "Aikina" maimakon in ƙara shiga ciki in danna "Hirarraki". Wurin zubawa na sa foldar nan rufaffiya. Injin ya ƙi. Ya fito da jan rubutu cewa ba shi da izinin ajiya a wurin. Ashe shi ma kamar baƙo ne, sai mai folda ta buɗe masa ƙofa da sunansa, Anti kuma ta manta ba ta yi ba. Na gwada sau huɗu. Falmata ta ce mu je wurin Malam Bukar, malamin da ke kula da ƙungiyar, mu ari wayarsa mu kira Anti. Ni da zan je ofishin malamai in buɗe baki in ce na kasa? Na kalle ta irin kallon da nake yi wa mutane a zuci, na canza wurin zubawa zuwa akwati na uku. Shi a buɗe yake ga kowa, nan take injin ya karɓa. Na ce a raina gobe sai in kwashe su in mayar.

Bayan ɗan lokaci ya rubuta cewa ya gama, fayil arba'in da ɗaya. Ni da na san adadin maɓallan da suka ɓalle a rigar mai gadi, na ga arba'in da ɗaya, na rufe laftof na tafi cin abinci.

Washegari sabis ya ɗauke a garin, bai dawo ba har Juma'a. Da Anti ta dawo, masu shirya taron sun riga sun kira ta suna godiya, wai makarantarmu ce ta fara turo aikinta. Ta tambaye ni yadda aka yi, na faɗa mata a ciki-ciki. Ta ɗan ɓata fuska, sannan ta dafa kafaɗata ta ce babu lokacin gyara, amma ta yarda da ni. Na sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka kunya ce.

Ranar Asabar muka cika motar haya, Malam Bukar a gaba. A Jajimaji muka tsaya ya sayi goro, muka isa Gashua ƙarfe tara don taron da aka ce na ƙarfe tara ne, aka fara sha ɗaya da rabi. Masu shirya taron, waɗanda ba su iya jera kujeru a layi ba, a abu ɗaya suka yi hangen nesa. Ba su yarda da wuta ba, ba su yarda da sabis ba, don haka tun ranar Alhamis suka kai duk abin da ke foldarmu shagon buga takardu. Aka yi ƙasida, aka raba wa alƙalai, malamai da manyan baƙi. Ba wanda ya karanta kafin a buga. Ba a karanta irin waɗannan abubuwan dama, fifita ake yi da su.

Mu ne na uku, kuma ni Anti ta zaɓa in yi bayani. Na hau dandamali, na fara zancen kacala da Turancin da na haddace. Ban iya kallon idon mutane ba, sai na koma kallon hannayensu. A nan na ga wani alƙali, dattijo mai tabarau, ya gaji da ni ya juya ƙasidar ta baya. Ya tsaya. Ya gyara tabarau. Kafaɗarsa ta fara motsi. Ya taɓa matar da ke kusa da shi ya nuna mata da yatsa.

Daga inda nake ba na iya karanta rubutun, amma na gane siffar shafin. Hirarrakin dattawa dogayen sakin layi ne. Wannan gajerun layuka ne, kowanne ya fara da sunan mutum.

Bakina ya ci gaba da cewa kacala tana hana kwale-kwale wucewa, idona kuma yana bin abin layi-layi. Na ga ya tsallaka daga teburin alƙalai zuwa kujerun malamai, ana ta juya takarda ana toshe baki. Na ga ya iso kan Malam Bukar. Na san abin da yake karantawa, ni na rubuta: "Hular Malam Bukar tana karkata hagu duk ranar da zai ce tayar babur ce ta makarar da shi. Wannan zangon tayar ta fashe sau tara." Ya kai hannu a hankali ya daidaita hular. Daga nan wata malama ta miƙa wa Anti.

Nata ya fi na kowa tsawo. Yadda take cin tuwo da cokali, yadda take canza hanya idan ta ga akuya, yadda hodarta ke zama layi-layi da azahar. Duk wannan da sauƙi, na ga har ta ɗan murmusa. Sai ta juya shafi. A can na rubuta cewa idan ta gama waya takan je bayan ɗakin kwamfuta ta yi kuka, ta dawo ta ce mura ce. Na sa ranakun, sau bakwai. Na ƙara da cewa, "Babbar mace da ita, sai ka ce 'yar aji ɗaya da aka kawo jiya." Injin da aka ce yana kuskure, a nan bai yi ko ɗaya ba. Ta rufe ƙasidar ta ɗora a cinya, ta ci gaba da kallona har na gama.

Dattijon ya karɓi makirufo, ya yi magana da Hausa don kowa ya ji daɗi.

"'Yata, wa ya yi hirar ƙarshen nan? Duk ta fi sauran bincike."

Zauren ya fashe da dariya. Na tsaya riƙe da takardata ina kallon wata tsaga a simintin dandamali, mai kama da taswirar kogi. Ko a wannan halin sai da na lura da ita.

Mun zo na huɗu cikin biyar, amma ƙasidarmu ce kaɗai ba a bar ko ɗaya a kan kujera ba. A mota Malam Bukar ya yi ta faɗa har Jajimaji, yana cewa sai maganar ta je gaban shugabar makaranta da gaban mahaifina, kuma dama shi bai taɓa yarda da yaran da ba sa magana ba. Falmata ta matso kusa da kunnena ta ce in kwantar da hankalina, yau ba ta da tambaya ko ɗaya.

Ranar Litinin ta sa aka kira ni ɗakin kwamfuta. Na zata bulala ce, har na yi fatan hakan. Sai na tarar ta buɗe fayil ɗin Hausa a laftof ɗaya, na Turanci a ɗayar. Ta ce akwai matakin da na tsallake, na dubawa da gyara, kuma ba a tsallake shi. Ita ba ta jin Hausa, don haka ba za ta hukunta ni da maganar inji ba. In karanta mata layi-layi, in gaya mata ko abin da nake nufi ke nan.

Haka muka yi. Hula, daidai ne. Akuya, daidai ne. Hoda, daidai ne, sai dai injin ya ce fulawa, na gyara masa da hannuna. Da muka iso wurin kukan na tsaya. Ta jira. Na ce daidai ne.

Ta ɗauke ido daga laftof ɗin, ta ce da Turanci, a hankali yadda zan gane kowace kalma:

"Sau bakwai kin gan ni. Ba ki taɓa zuwa kin ce min sannu ba."

Ta miƙo tafin hannunta. Na ciro zaren daga wuyana na ajiye mata mukullin. Da yamma na gan shi a hannun Falmata, tana tambayar mai gadi ko hagu ake murɗawa ko dama.

Anti ba ta kore ni daga ƙungiyar ba, kuma ita ta hana maganar zuwa gidanmu. Amma har ta gama bautar ƙasarta ba ta sake barina ni kaɗai da laftof ba. Yanzu duk wanda ya ba ni irin wannan aikin, ina duba inda injin zai ɗebo sau biyu, inda zai zuba sau uku, kuma idan jan rubutu ya fito ina zuwa in ce na kasa. Ashe ba a mutuwa don an faɗi haka. Idon kuwa yana nan yadda yake, ban san yadda ake kashe shi ba. Na dai koyi cewa idan har na iya ƙirga wa mutum hawayensa, to ƙafata ma za ta iya kai ni inda yake.