Ranar da Tasi'u Ya Rasa Hanyar Legas

Ni har yau in na tuno Asabar ɗin nan sai na nemi bango na jingina, don dariya kayar da ni take yi. Ga wanda bai san wurin aikinmu ba, kamfanin motocin safa ne a nan Kano, ni kuma ina cikin masu yankan tikiti. Duk tikitin da zan yanka sai kwamfutata ta tuntuɓi sabar, wato babbar kwamfutarmu da ke Legas, ta tabbatar kujerar babu kowa. Masu kula da wannan harka su biyu ne: Malam Haladu, wanda ya yi furfura a cikin wayoyin nan, da Injiniya Tasi'u, wanda a hannun Malam ya ƙware. Ban taɓa ganin mutane biyu masu kunyar juna irin waɗannan ba. Tasi'u ba ya kiran sunan Malam, ba ya ko kurɓar shayi a gabansa. Shi kuma Malam sai dai ka ji "Injiniya, in ba damuwa." In suka haɗu a ƙofa, to ka nemi kujera ka zauna.

Ranar nan Tasi'u ya shigo cikin shadda sai ƙara take yi, ga hula an karya, ga turare ya riga shi isowa. Bayan la'asar za a je gidan su Bara'atu neman aure, kuma Malam Haladu ne zai tsaya masa a matsayin uba. Goro da alawa na but ɗin mota tun safe. Maganar kuma ba ta wasa ba ce, don akwai wani Ɗanliti mai shagon waya da ya matsa wa gidan, mutumin da ko sallama bai gama ba ya riga ya zauna a tabarma. Baban yarinyar ya faɗa wa Tasi'u ƙarara cewa in ranar ta wuce bai ga magabatansa ba, zai saurari na wancan.

Da hantsi sai kwamfutata ta tsaya tana juya ɗan zoben nan na jira a allo. Ta kusa da ni ma haka. Kafin ka ce me, layi ya kai bakin titi, direbobi na danna oda, wata tsohuwa mai zuwa Jos ta ɗora kajinta a kan kantata ta ce ita da su ba inda za su matsa.

Hajiya Ladidi, manajarmu, ta sauko daga bene. Mace ce marar ɗaga murya, amma in ta cire tabarau ta riƙe a hannu kowa ya san sauran. Ta dubi shaddar Tasi'u sama da ƙasa ta ce, "Ango, na san da zancenka, Allah ya sanya alheri. Amma yau ba mai fita sai tikiti ya fita."

Nan fa aka shiga neman bakin zaren. Aka kashe aka kunna. Aka zare kebul aka hura aka mayar. Tasi'u ya kira kamfanin da ke ba mu layi ya zazzage su tas, suka ce layi lafiyarsa ƙalau, ya duba gidansa. Ya kira Legas, aka ce sabar na nan da ranta, 'yan Kaduna ma yanzun nan suka yanki tikiti. Abin haushin, intanet na aiki. Wani abokin aikinmu har ƙwallo yake kallo a ƙarƙashin tebur. Ko'ina a duniya saƙonmu na zuwa, ban da Legas.

Azahar ta yi, muka yi salla muka dawo. Shaddar Tasi'u ta daina ƙara, gumi ya kwantar da ita. Wayarsa ta yi ta haske, Bara'atu ce, yana kallo yana kifewa. Wallahi ya ba ni tausayi, amma dariyar da ke cina ta fi tausayin ƙarfi, don duk sanda ya sunkuya ƙarƙashin tebur sai hular ta faɗo, Malam ya ɗauka ya karkaɗe ya miƙa masa da hannu biyu.

Daga ƙarshe Tasi'u ya buga wani umarni da ke nuna duk zangon da saƙo ya yada a hanyarsa. Mu duka muka taru a bayansa har da tsohuwa mai kaji. To a ofishinmu rauta biyu ce, wato na'urar da ke nuna wa saƙo hanyar da zai bi. Akwai tsohuwa ta Malam, akwai sabuwa da Tasi'u ya haɗa a satin. Sai ga amsa na zubowa a allo: ta Tasi'u, ta Malam, ta Tasi'u, ta Malam, har ƙasan allon.

Hajiya ta ce, "Ku fassara min da Hausa."

Tasi'u ya share goshi. "Hajiya, saƙon bai ma bar ɗakin nan ba. Tawa tana miƙa wa ta Malam, ta Malam tana maido wa tawa. Shi kuma saƙo ba ya jure haka, in aka yi ta mayar da shi sai ya mutu a hanya."

"Wa ya ce su yi haka?"

Tasi'u ya sunkuyar da kai ya ce, "Da na haɗa sabuwar, sai na ga bai dace in ƙwace hanyar Legas daga hannun Malam ba. Shekara da shekaru shi ke riƙe da ita. Sai na ce duk saƙon Legas a miƙa wa tasa."

Malam Haladu ya yi gyaran murya. "Ni kuma ɗazu da hantsi na ce yaro ya girma, har zai ajiye iyali. Sai na cire hanyar daga tawa, na ce a miƙa wa ta Injiniya. Na so in yi masa bazata ne."

"Kuma ba wanda ya gaya wa wani?"

"Ai da nauyi, Hajiya," suka faɗa a tare.

Nan na durƙushe bayan kantata don dariya. Tsohuwa mai kaji ta tambaye ni me aka ce, na kasa magana, sai hawaye.

Gyaran layi ɗaya ne tak za a rubuta, kuma kujera ɗaya ce a gaban kwamfutar. Tasi'u ya ja da baya ya ce, "Malam, Bismillah." Malam ya ce, "A'a, Injiniya, ai ranarka ce." Tasi'u ya ce laifinsa ne. Malam ya ce ina, nasa ne, shi ne babba. Hajiya ta kama wuyan shaddar nan ta dasa Tasi'u a kujera. Ya buga abin da zai buga. Firinta ta yi tari, ta tofo tikitin Jos. Tasha ta kaure da shewa, direbobi suka saki oda gaba ɗaya, tsohuwa ta kwashi kajinta tana sa wa kowa albarka.

Lokacin har an idar da la'asar a masallacin tasha. Hajiya ta mayar da tabaranta ta ce, "Ku yi salla ku kama hanya, kar ku tsaya ko'ina."

Suka zabura da gudu, Malam na tattare babbar riga, Tasi'u na dafe hula. Suka iso ƙofa a tare. Ƙofar ofishinmu kuwa mutum ɗaya take ci. Sai suka ja birki.

"Malam, Bismillah."

"A'a, ango ne gaba."

"Haba Malam, ni in wuce gabanka?"

"Yau dai kam kai ne babba. Wuce."

Wayar Tasi'u na ta ruri a aljihu, su kuwa kowa ya miƙa hannu yana nuna wa ɗan'uwansa hanya. Hajiya ta tsaya a bayansu ta naɗe hannu ta ce, "Har yanzu ba ku daddara ba?"

Tasi'u ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ai ladabi ne."

Ta ce, "To ku ci gaba da gwaji. Ranar ɗaurin auren Bara'atu da Ɗanliti za a nemi masu tsayawa a ƙofa suna ce wa baƙi su wuce."