Ranar da na naɗe tob a gaban Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai Baba ya ga makarantar koyon tuƙin helikwafta da na zaɓa. Shi, Allah ya jiƙansa, burinsa in gaje shi a shagon turarenmu na unguwar Bagdadiyya a Jidda. Ni kuwa tun ina yaro a unguwar Kurayyat, da na ji ƙarar jirgi sai in bar abinci in hau soro. Sai da na ishe shi da naci kafin ya ce, "Halas, shi ke nan, mu je in gani da idona. In ban gamsu ba, kar ka sake ta da maganar."

Wallahi na yi bincike. Makarantu uku na kira, na tambayi lafiyar jiragensu, da ƙwarewar malamansu, da ko suna karɓar baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama. Na zaɓi wadda ke ɗaga mutum sama na gwaji kafin ya yi rajista. Kayan da ake sawa ne kaɗai ban tambaya ba.

A gidanmu ba a zuwa gaban manya da jins. Don haka na zura sabon farin tob, wato jallabiyar Larabawa, ɗinkin wani tela na unguwar Madain Fahd, matsattse yadda samari ke yayi, na kafa shimag, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a ka, na yi wanka da turare. Dogon wandon ciki bai bushe ba, sai na bar gajeren wandona na ƙwallo, ja, wanda ya ƙoƙe har ya huje a cinya (na ce wa zai gani?).

Malamin, wani Balarabe mai furfura, ya dube ni sama da ƙasa, ya karɓe shimag ɗin, wai iskar fanka za ta kai shi Makka. Da na shiga jirgin sai na ga masifa: ashe sandar tuƙi tsakanin gwiwoyi take, ƙafafu kuma kowace da abin takawarta. Tob ya ce bai san zancen ba. Na gwada zaman karkace kamar tsohuwa a bayan babur.

"Yalla ya kabtin," in ji malamin, "ɗaga tob ɗin, ba ɗaurin aure muka zo ba."

Kun san gaban helikwafta gilashi ne har ƙasa. Baba na tsaye a waje, ɗalibai na tsaye. Na rufe ido na naɗe tob har ƙugu. Innalillahi! Wani har tafi ya yi. Muka tashi, teku da Jidda duk suna ƙarƙashina, amma ni hujin nan nake ta rufewa da hannu ɗaya, sai da malamin ya daka min tsawa in riƙe sanda.

A mota na riga na sallama cewa Baba ba zai yarda ba. Muna shiga unguwa na ga kafaɗunsa na rawa. Ya faka, ya yi dariya har da hawaye.

"Wanda ya sha wannan kunya bai gudu ba, da gaske yake," ya ce. "Na yarda. Amma don Allah ka ƙona wandon nan."

Yanzu duk mai neman shawarar makaranta nakan ce masa ya tambayi komai, kuma ya sa wandon kirki. Baba bai kai ranar da na karɓi lasisi ba. Ina kewarsa ƙwarai, kuma da zan sake jin dariyar nan tasa, wallahi da na naɗe tob a gaban Jidda kaf.