Yadda Za Ka Shekara Uku Ba Ka Yi Wa Motarka Juye Ba

Maƙwabta sun ce ba su taɓa ganin mai tausayin mota kamar Malamin Lissafi ba. Mai shagon bakin layi ya ce tun da Malam ya yi ritaya sau bakwai ya ga motar ta motsa, biyu daga ciki ma baya aka yi da ita don a share ƙarƙashinta. Mai wanki da guga ya ce tampol ɗin da ake lulluɓe ta da shi ya fi rigunan Malam zuwa wanki. Matarsa kuwa, in aka tambaye ta, sai ta ce, "Ku tambaye shi, 'yar lelensa ce." Yayan matar, bakanike mai gareji a bayan layin, shi kam shekara biyu ke nan rabonsa da gidan.

To, kai mai motar da ba ta cika fita ba, ga hanyar Malam dalla-dalla. Ka bi ta sau da ƙafa, na yi maka alkawarin shekara uku cur ba ka taka gareji ba. An gwada, ta yi aiki.

1. Ka karanta rabin takardar kawai

Ranar da aka yi wa motarka juye, wato aka zubar da tsohon baƙin mai aka zuba sabo, bakanike zai manna 'yar takarda a gilashin gaba. Layi biyu ne a jikinta. Na sama ya ce ka dawo in ka ƙara kilomita dubu biyar. Na ƙasa ya ce ko bayan wata shida, duk wanda ya riga cika. Na ƙasan nan shi ne abokin gabanka.

Kada ka yage shi, yaga aikin marasa ilimi ne. Malam katin wani mai gyaran famfo ya soka a wurin, ya rufe layin ruf. Daga ranar, takardar ta daina maganar wata.

2. Ka mai da zancen lissafi

Za a samu mai shisshigi. Malam ya samu nasa ne bayan shekara guda, ranar da Yaya bakanike ya zo gai da ƙanwarsa. Kafin a kawo masa ruwa ya ɗaga tampol, ya buɗe bonet, ya zaro sandar awon mai, ya murza man tsakanin yatsunsa.

"Malam, man nan ya tsufa. Ko mota ba ta tafiya yana lalacewa, yana shan danshi."

"Kilomita nawa ka rubuta, Yaya?"

"Dubu biyar."

"Nawa na yi?"

"Ɗari huɗu, amma ai a ƙasa na rubuta..."

"Saura dubu huɗu da ɗari shida. Da irin tafiyar nan, sai mun haɗu bayan shekara goma sha ɗaya da rabi, in da rai."

Lura da kyau: mai gaskiya yakan rikice in ka jefa masa lamba. Ka riƙa yawo da biyu ko uku a aljihu.

3. Ka rufe bakin mai shawara, a gaban jama'a

In ka gaya masa magana a keɓe, zai yafe, ya dawo da wata shawarar. Don haka ka jira sai akwai shaidu. Malam ya jira har mai shago ya matso, sannan ya ce, "Ku masu gareji duk halinku ɗaya. Mota lafiyarta ƙalau, sai kun ƙirƙiro mata ciwo. Ko motar gidan ƙanwarka ba ka ƙyale ba."

Yaya ya goge yatsunsa da tsumma, ya sauke bonet a hankali kamar mai rufe ɗakin da jariri ke barci, ya fita. Ruwan da aka kawo masa yana nan a kofi. Tun daga ranar ta waya yake gai da ƙanwarsa. Ka ga an huta.

4. Ka tsare lambar

Tunda kilomita ce kaɗai ta rage da za ta iya kai ka gareji, kada ka yi wasa da ita. In matarka ta ce a kai ta kasuwa, ka tuna mata zuwa da dawowa kilomita tara ne, kuma likita ya yabi tafiyar ƙasa. In ta ce to mene ne amfanin motar, ka ce mutunci. Kullum da safe ka ɗauki bokiti da soso ka wanke ta, ka goge, ka mayar da tampol. Kada ka tayar da injin, mai barci ba a tashinsa don a tambaye shi ko yana lafiya.

5. Ka iya fassara alamu

Tayoyi za su fara zama. Hutawa suke yi. Za ka ga gutsattsarin soso da takarda a ƙarƙashin injin, da 'yan baƙaƙen ƙwayoyi kamar shinkafa. Matar Malam ta ce ɓeraye ne. Malam ya ce ko da su ne, ai shaida ce cewa akwai kwanciyar hankali a motar.

6. Ka yi babban alkawari

Motar da ta shekara uku tana hutu ta cancanci babbar rana. Ta Malam ta zo ne da surukarsa, Inna, uwar matarsa kuma uwar Yaya. Yanar ido ta hana ta gani, wata biyar tana jiran layin aiki a asibiti. An ba ta ƙarfe tara na safe, an ce wanda ya makara sai ya sake bin layi daga farko. Malam ya dafa ƙirji ya ce ba a sa tsohuwa a motar haya yana da mota sabuwa fil.

Ƙarfe bakwai da rabi aka cire tampol. Mutum uku suka taimaka wa Inna ta shiga baya, saboda gwiwoyinta. Malam ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Motar ta ce ƙyas. Ya sake murɗawa. Wannan karon ko ƙyas ɗin ta hana shi. Wani ɓera ya fito ta ƙarƙashin bonet, ya dube su, ya koma.

7. Ka nemi mafita da ba ta bi ta gareji ba

"A samo tasi," in ji Malam.

"Ni kam na shiga ke nan," in ji Inna. "A wannan aka ce za a kai ni. Ke, kira min yayanki."

"Inna, lokaci fa," in ji matar Malam.

"Idona ne, ba naku ba. Kira shi."

Takwas saura kwata Yaya ya shigo, batir a kafaɗa, famfon taya a hannu. Ya gai da uwarsa, ya gai da ƙanwarsa, ya gai da mai shago da ke leƙe ta ƙofa. Ya ba tayoyi iska, ya kwashe sheƙar ɓeraye cikin leda. Ya ce wannan zai kai su asibiti ya dawo da su, sauran sai a gareji. Sannan ya ajiye batir a ƙasa bai ɗaura ba, ya miƙa hannu ta taga ya zare katin mai gyaran famfo.

"Malam, kai ne mai karatu. Karanta mana na ƙasan."

Malam ya gyara tabarau. "Ko bayan wata shida," ya ce, can ƙasa-ƙasa. Ya dubi agogo, takwas da minti goma. Ya yi gyaran murya, ya yi wani gunaguni da ya yi kama da magana.

"Idona ne ba ya gani," in ji Inna daga kujerar baya. "Kunnena ƙalau yake, kuma ban ji komai ba tukuna."

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ruwansa da batirinka, da tayoyinka, da ɓerayenka, balle surukarka. Shekara uku aka yi maka alkawari, kuma ta cika har da 'yan kwanaki. Ba wanda ya ce maka motar za ta tashi. Abin da ya biyo baya ma ba ya cikin matakan nan, Malam ne ya ƙara da kansa.

Ya fito daga motar, ya cire hula, ya juya yadda mai shago zai ji, tunda a gabansa aka yi ta farko.

"Yaya, na yi maka ƙazafi, kuma kai ne da gaskiya. Ka yi haƙuri, ka yafe min."