Ranar da Na Je Auna Farin Ciki a Gidan Elhaji Ilya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a Tamanrasset, can kudancin Aljeriya, farkon shekarun dubu biyu, lokacin da nake ganin duk Sahara babu wanda ya kai ni sanin zuciyar ɗan Adam. Ina neman digirin dokta a jami'a a Alje, babban birnin ƙasar, a fannin halayyar mutane, ɓangaren koya wa jama'a su gano ƙarfinsu su ji daɗin rayuwa. (Mahaifiyata a Maraɗi har ta rasu ba ta gane aikin ba. Cewa take ɗanta likitan masu lafiya ne.)

Bincikena a kan 'yan Nijar mazauna garin yake, magina da 'yan kasuwa. Farfesan da ke duba aikina ya ce zai zo da kansa ya ga yadda nake tafiyar da taro, daga nan ya yanke ko in ci gaba ko in tattara in koma gida. Sai na roƙi Elhaji Ilya, wani ɗan kasuwa ɗan Damagaram da kowa ke ganin girmansa, ya tara mini mutane a gidansa bayan la'asar. Ya ce in sha Allah. Na kwana biyu ina hidimar saukar Farfesa, ban sake leƙa unguwar ba, kuma wayar hannu ba ta zama ruwan dare ba tukuna. Tsorona ɗaya, kada in tarar da mutum biyar da akuya.

Muna sauka daga tasi na ga tabarmi har bakin titi. Jama'a maƙil, kowa ya sunkuyar da kai, shiru kamar ana huɗuba. Wallahi kaina ya kumbura. Na juya na ce wa Farfesa da Faransanci, "Ka ga yadda mutanena ke girmama ilimi." Ya dubi taron, ya dube ni, ya kama hannun rigata. Na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake, har na bubbuga masa kafaɗa.

Ban tsaya gaisawa da kowa ba, ni da nake koyar da sauraro. Na ratsa tsakiya, na manna wata ƙatuwar takarda a bango, na zana fuska mai murmushi. Na ce, "Jama'a, yau ranar farin ciki ce. Kowa ya rufe ido, ya buɗe hannuwansa, ya ja numfashi." Suka buɗe hannuwa. Na ce kowa ya tuna gida, ya tuna fuskar wadda ta haife shi. Sai na ji wani dattijo ya ce, "Amin." Saura suka amsa. Wani ma hawaye yake. A raina na ce yau Farfesa zai ga aiki, ban yi minti biyar ba na taɓa zukata.

Da na tsaya nan, da an ɗauka wani sabon salon addu'a ne aka zo da shi daga Alje. Amma ina. Na nufi mai gida, don a littafi an ce a fara da shugaba. Na durƙusa gabansa ina washe baki.

"Elhaji, daga ɗaya zuwa goma, farin cikinka yau nawa ne?"

"Alhamdu lillahi, Mushe." (Haka ake kiran malamin boko a wajenmu, daga monsieur na Faransanci.)

"A'a, Elhaji, lamba nake so. Kada ka ji kunya, nan duk 'yan uwa ne."

"Mun gode Allah."

Na juya ga taron na yi musu ɗan bayani, cewa matsalarmu ke nan Hausawa, muna ɓoye abin da ke ranmu a bayan godiya. (E, haka na faɗa. Da bakin nan nawa.) Na sake matsa masa. Ya ɗago ya dube ni da jajayen idanu, murya ƙasa-ƙasa.

"Mushe, tsohuwata ce ta rasu. Jiya direban Agadas ya kawo labari, an riga an rufe ta ban gan ta ba. Ka rubuta lambar da ka ga ta dace."

Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Ina durƙushe da alƙalami a hannu, ga fuskar nan a bango tana ta murmushi a kan masu zaman makoki. Na waiwaya neman Farfesa. Mutumin da bai san ko "sannu" da Hausa ba, tuni ya cire takalmi ya zauna cikin dattawa yana karanta Fatiha.

A tasi, da muka kusa masauki, Farfesa ya juyo gare ni. Ya ce ya ƙara mini shekara guda, kuma aikina na farko shi ne in koma gidan nan gobe da jibi, in zauna a tabarma, in rufe bakina. Na koma. Elhaji ya matsa mini wuri kusa da shi, ya miƙo mini shayi, bai taɓa tayar da maganar ba har na bar garin. Sauran jama'a kuwa ba su yafe ba. Har yau in ɗan Tamanrasset ya gan ni, "Dokta Ɗaya-zuwa-Goma" yake kirana.

Digirin dai na samu, yanzu ni ma ɗalibai nake koyarwa. Amma duk taron da na shiga na ga mutane sun yi shiru, ba na ƙara ɗauka ni suke jira. Takalmi nake fara cirewa, in raɓa kusa da wani in tambaye shi a hankali, "Malam, lafiya aka taru?"