Sandar Jan Tsumma a Tafkin Garinmu

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na dawo Kurfai da famfon feshi goye a bayana ba, don a cikinta na tafka abin kunyar da har yau in na tuna sai na ji zufa ta karyo mini. Shekarar fari ce, ba a daɗe sosai da samun mulkin kai ba. Gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba. Ni kuwa lokacin na gama karatun aikin gona a Yamai, aka turo ni Filinge, na roƙa aka bar ni in zauna a ƙauyenmu wajen kakata Hajo.

Tun ina shekara bakwai kawuna ya ɗauke ni ya sa ni lekwal, wato makarantar boko, a birni, saboda haka abin da na sani game da garinmu bai wuce sunansa da hanyar zuwa ba. Amma wa ya isa ya faɗa mini haka a lokacin? Ina da takarda, ina da wando mai aljihu huɗu, ina da biro biyu a gaban riga (ɗaya ma ba ya rubutu, don ado nake soke shi). Kaka tana kirana maigida, irin wasan jika da kaka, ni kuma ina jin kaina maigidan gaske.

A tsakiyar garin akwai tafki, gidaje sun kewaye shi. Rijiya muke sha, amma wanki da kwaɓin ƙasa da shayar da ragowar dabbobi duk a tafkin ake yi. Wannan shekarar ruwan ya janye, sai kainuwa ta rufe shi ruf, har akuya takan zaci fili ne ta taka ta zurma. Ƙasan kainuwar yana ruɓewa, ruwan ya soma wari, ga sauro. A gefe-gefe kuma akwai bado da faffaɗan ganyensa, da wasu sanduna da aka kakkafa, kowace da tsumma ɗaure a kanta. Na dube su sau ɗaya na yanke wa kaina hukunci cewa ma'aunin zurfin ruwa ne. Har na yaba wa mutanenmu a raina, na ce ashe suna da ɗan tunani.

A ma'ajiyar wurin aikinmu na ga wata jarka ta maganin kashe ciyawa. Na karanta takardarta sau uku, na ga an ce yana kashe ciyawar ruwa mai faɗin ganye. Shi ke nan, barci ya ƙaurace mini don murna. Na je wajen maigari na zuba masa bayani, rabi Hausa rabi Faransanci. Ya saurare ni da haƙuri ya ce, “In dai kainuwa ta, gwada can gehe guda mu gani. Amma a tsare bisashe.” Maza ne kaɗai a wurin. Ba wanda ya tuna da mata, balle ni.

Kafin in ci gaba, bari in gaya muku abin da nake ci. Kullum da yamma Kaka takan aje mini akushi na wani dambu mai ƙananan tsaba, da ɗan ganye da barkono. Daɗi gare shi. Nakan share akushin tas in ce, “Kaka, ko a Yamai ban ci irin wannan ba.” Sai ta yi murmushi ta ce, “Ci, maigida.” Ban taɓa tambayar dambun mene ne ba. Ban taɓa leƙa rumbunta ba. Nakan ga ta dawo da sassafe zanenta jiƙe har ƙugu da ƙwarya a rufe, in ce a raina tsohuwar nan akwai son wanki.

Ranar kasuwar Filinge, mata duk sun tafi, na goya famfona na nufi tafki. Na zaɓi kusurwar bayan gidanmu, wai don in riƙa duba aikina daga zaure. Akwai sanda mai jan tsumma a wajen, na ce madalla, ga ma alama an kafa mini. Na naɗe wando na shiga, na fesa wa kainuwa, na fesa wa bado, har wanda ya ɓuya a bayan wani sai da na bi shi. Na kewaye wurin da ƙaya saboda dabbobi, na kafa allon gargaɗi da Faransanci (a garin da ni kaɗai nake karanta shi).

Da yamma na ba Kaka labari ina hura hanci. Na ce kada ta taɓa ruwan wajen jan tsumman nan sai na ba da izini. Hannunta yana kan murfin akushi, ya tsaya cak. Sannan ta buɗe ta turo mini, ta ce, “To, maigida. Ci.” Na ci, har da suɗe hannu.

Kwana biyar ganyen ya murɗe ya yi rawaya, kainuwa ta nutse, ruwa ya bayyana. Na sa aka tara gari a bakin tafki. Na hau kan wani kututture na soma jawabi: ga abin da ilimi yake yi, cikin sati biyu zan wanke tafkin nan kaf, kainuwa da bado da duk wata ciyawar banza. Maza suna gyaɗa kai. Mata kuwa shiru, ba guɗa, ba tafi. Na ɗauka mamaki ne ya kama su, sai na ƙara murya na maimaita “ciyawar banza”.

Nan Dije, maƙwabciyar Kaka, wata doguwar tsohuwa da ba ta tauna magana, ta matso gaba.

“Malamin gona, tambaya gare ni. Mi kac ci jiya da marece?”

Na ce dambu.

“Shekaranjiya hwa?”

Na ce dambu, ina dariya, ina jiran in ga inda za ta.

“To ɗiyan bado na. Ciyawar banzan ga ita kaka ci tun randa kaz zo. Rumbun Hajo ko zangarniya guda babu. Kowace macce da tata sanda cikin tabkin ga, mai jan tsumma ta Hajo ta. Ka kashe mata gona, kuma ka tara mu mu yi maka guɗa?”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige da famfon gaba ɗaya. Ina tsaye kan kututture, hannuna ɗaya yana sama inda jawabi ya bar shi, na rasa yadda ake sauke shi. Na tuna jiƙaƙƙen zane. Na tuna ƙwaryar da ake rufewa. Na tuna kwana biyar ɗin nan akushina bai ragu ba ko kaɗan, kuma ban ga Kaka tana cin nata a gabana ba. Daga ɗan abin da ta shanya ta ajiye take ciyar da ni, ni da na ƙone mata sauran.

Wani ya soma dariya daga baya, sai Kaka ta taso a hankali ta tsaya kusa da ni.

“Dije, ƙyale mini miji. Shina shekara bakwai munka ba da shi lekwal. Wa ag gare shi can da za ya gwada mai bado? Laihina na, da ban hwaɗa mai ba.” Ta ɗago ta dube ni. “Sabko, maigida, kada ka hwaɗi.”

Wannan kariyar ta fi faɗan Dije zafi. Na sauko, na durƙusa a gabanta cikin taɓo da wandona mai aljihu huɗu, na yi kuka irin na yara, majina da komai, gari yana kallo.

Washegari ƙwarya bakwai na ƙirga a ƙofar ɗakin Kaka, kowace da ɗan bado a ciki, ta Dije ce ta fi cika. Haka matan suka yi ta yi har muka ga damina. Ni kuma na mayar da jarkar inda na ɗauko ta, na riƙa kawo wa Kaka rabona na hatsi daga wurin aiki. Kainuwa dai sai da muka fitar da ita, amma da hannu: maza muka shiga ruwa da igiya da manjagara, muna ja muna tarawa a tudu, in ta bushe a cinna mata wuta. Dije tana tsaye a baki tana ba da umurni, duk sanda na doshi wata sanda sai ta ɗaga murya, “Malamin gona, wancan abincinka na!” Sati uku muna wannan aiki, matsattsaku suka sha jinina suka more.

Da ruwa ya dawo, wata safiya Kaka ta kama hannuna ta kai ni bayan gida. Kusa da sandar jan tsumma ganye uku sun taso, da farin fure guda ɗaya. Ashe saiwar ba ta mutu ba. Ta ce, “Ka gani, maigida? Shi ma ya yahe maka.”

Na yi shekaru masu yawa ina aikin gona bayan nan, na fesa magani a wurare da dama, kuma yana da ranarsa. Amma tun daga wannan shekarar, kafin in kira wani tsiro ciyawar banza, sai na fara neman tsohuwar garin in gaishe ta, in tambaye ta abin da na ci jiya.