Kwaɗon 'Yan Gayya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi gayyar cirar gyaɗa a gonarmu ta Fammar ba. Ko na so in manta ma, mutanen garin ba za su bar ni ba.

Bari in fara da faɗin halina, don a gane yadda abin ya faru. Ni mace ce mai yawan tunani. In na kashe wuta a murhu sai na zuba mata ruwa, in na kai ƙofar ɗaki kuma in dawo in taɓa tokar da hannu. In na yi alwala, ina idarwa zan fara kokwanton ko na shafi kunnuwa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma duk abin da aka faɗa mini a asibiti, riƙe shi nake yi kamar hadda.

A daminar shekarar ne Malam, maigidana, ya fara fama da jiri da ciwon kai. Muka je asibiti a Rano, aka auna shi, aka ce hawan jini ne, sukari ma ya fara leƙowa. Ma'aikaciyar da ta duba shi ta juyo gare ni, tunda ni ce mai girki, ta ce a rage masa gishiri, a rage mai, a rage dunƙule, malmalar tuwo ma a rage mata girma, a yawaita ganye. Da ta ga ina gyaɗa kai kamar zan yi kuka, sai ta koya mini wani irin kwaɗo mai riƙe ciki. Ta ce in yayyanka kabeji da salak da karas da tumatir da albasa ƙanana-ƙanana, in haɗa da dafaffen zogale. Inda ake sa soyayyen nama in sa dafaffen wake da ƙwai. Inda ake sa taliya in sa dafaffen dankali. Farin man nan na kwalba da 'yan birni suke lafta wa salak kuwa, ta ce in bar shi, in dama dakakken ƙuli da kindirmo da ɗan lemon tsami.

Na dawo gida na kama yi ba fashi. Kuma gaskiya ya karɓi Malam, jirin ya ragu, har ya fara cewa in ƙara masa albasa. Don kada shaiɗan ya rinjayi hannuna, na tattara manja da man gyaɗa da dunƙulen da ke gidan kaf, na aika wa 'yata da ke aure a Unguwar Gai. (Ba wanda ya ce in yi haka. Ma'aikaciyar ragewa ta ce, ni ce na ga ragewa ba ta da iyaka, gara a yanke.)

Da kaka ta zo, gyaɗa ta nuna, ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara ƙeƙashewa. Duk wanda ya taɓa noman gyaɗa ya san in aka yi jinkiri ƙasa ta riƙe ta, ana ja ganyen ne zai zo hannu, 'ya'yan su tsinke su zauna a ƙasa. Malam kuwa an hana shi daɗewa a sunkuye cikin rana. Gyaɗar nan ita ce ƙulinmu, ita ce cefanenmu, ita ce maganinsa na shekara. Sai ya kira gayya. Ƙa'idar gayya kuma sananniya ce, ba a biyan kowa, mutum zai bar aikinsa ya zo ya yi maka, kai kuma ka cika masa ciki da rana, ran tasa gayyar ka je masa.

Nan tunanina ya tashi. Abin da aka saba kai wa 'yan gayya shi ne tuwon dawa da miyar taushe mai ninƙaya a mai, ko shinkafa da wake da mai da yaji. Na zauna na ce, to ni da na ji da kunnena an ce mai da gishiri suna kayar da mutum, yaya zan ɗebi abin da na hana mijina in ɗura wa mazan mutane? Cikinsu akwai dattawa. Wa ya auna su? In wani ya ci miyata ya koma kunya ya yanke jiki ya faɗi, ranar hisabi me zan ce, ban sani ba? Ai na sani. Na juya maganar nan, na sake juya ta, duk inda na ɓullo sai in ga gawa a gonarmu da man miyata a bakinta. A ƙarshe na yanke cewa 'yan gayya ma kwaɗon lafiya za su ci.

Ban faɗa wa Malam ba. Ba ɓoyewa na yi ba, a ganina abin ba ya buƙatar shawara. Da safen ranar, yana rataya fartanya, ya ce, “An kai niƙa kuwa?” Na ce, “Malam, kada ka sa wa kanka damuwa, jininka zai hau. Na shirya komai.” Ya fita da kwanciyar hankali.

Kuma na shirya ɗin, kada a ce ban yi aiki ba. Kabeji na wanke shi da ruwan gishiri, na ɗauraye, sai na tuna gishiri ne abin gudu, na sake ɗaurayewa har ganyen ya fara laushi. Salak ganye-ganye na bi shi ina ɗagawa a rana ina neman tsutsa. Na kankare karas, na yanka komai daidai da ƙwayar wake, don kada wani dattijo marar haƙori ya shaƙe. Ƙwan kajina da na zabina duk na dafa, na haɗa da na maƙwabta. Wake na dafa shi ya yi luguf, dankali ma haka. Kindirmo kuwa tun da sassafe na tare Inna Jumma, Bafulatanar da ke kawo mana nono, na juye ƙwaryarta guda. Ta dube ni ta ce, “Uwar gida, suna ake yi ne ba a gaya mana ba?” Na ce abincin 'yan gayya zan haɗa. Ta ɗora faifai a kan ƙwarya, ta ce Allah ya ba da sa'a. (Daga baya na gane addu'ar nan tata.)

Da rana ta take na cika manyan robobi biyu, na ɗora ɗaya a ka, na rungumi ɗaya, na nufi gona. Na tarar sun ci fiye da rabin aikin, sun taru a gindin ɗorawa suna sharce gumi. Mutum goma sha wani abu ne. Babbansu Baffa Ɗanladi, ƙanin mahaifin Malam, sai Iro, ɗan kawun Malam kuma abokin wasansa, wanda bakinsa ba ya hutawa. Na durƙusa na gaishe su da aiki, na buɗe robobin.

Iro ya leƙa ya ce, “A'a, matarmu, yau kuma birni aka kawo mana gona? Ku duba, har da ƙwai.”

Suka wanke hannu suka sa. Ni kuma na koma gefe ina kallon fuskokinsu. Sai na ji Baffa ya ce, “Wannan kwaɗo ya yi. Me kika sa masa haka?” Na ce kindirmo ne da ƙuli. Ya ce, “Ikon Allah. Tun da nake ban taɓa cin irinsa ba.” Wani ya ce waken ya dahu. Wani ya ce zai turo matarsa ta koya. Na ji wani sanyi a raina, har na fara tunanin ladan da na samu na tsare lafiyar bayin Allah. Malam ne kaɗai hankalinsa ba ya kan kwaɗon. Yana ci yana ɗaga kai yana duban hanyar da na biyo, ni kuwa na ɗauka awaki yake tsoro.

Ana cikin haka Iro ya buge hannun wani saurayi da ke ta kai loma, ya ce, “Kai, ja da baya, ka rage wuri. Gidan da aka fara da ƙwai, me kake tsammani zai biyo baya?” Saurayin ya janye hannunsa. Wasu ma suka janye.

A lokacin ne na fara gane cewa tuwo suke jira.

Suka suɗe robobin duk da haka. Na matso zan tattara, Baffa ya ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Tuwon fa, a baya yake tafe?”

Ni da nake sake alwala saboda kunne, ni da ba na iya ce wa yaro “ba ya nan” in mutum yana ciki, na buɗe baki a gaban dattijo na ce, “Yana tafe, Baffa.”

Ban san yadda na isa gida ba. Na tsaya a tsakar gida da robobi a hannu. Dawa tana nan a rumbu, amma ko surfe ba a yi ba, balle wanki da shanya da niƙa. Shinkafar da ta rage ba za ta ƙosar da mutum uku ba. Mai yana Unguwar Gai. Na leƙa gidan maƙwabciyata, ta tafi unguwa. Na leƙa na gaba, sai ɗumamen safe a ƙasan tukunya. Na dawo na hura wuta na ɗora ruwa, ba don ina da abin zubawa ba, sai don in ga kamar ina wani abu. Ruwan yana tafasa ina kallonsa, ina lissafin cewa yanzu zunubina biyu ne, na bar masu aiki da yunwa, na kuma yi ƙarya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na san ba za su koma kunya ba. Wanda aka ce wa tuwo yana tafe ba ya ɗaukar fartanya. Suna can kwance a inuwa, rana tana tafiya, ƙasa tana ƙara tauri.

Na kashe wutar (na koma na taɓa tokar, ko a wannan hali), na kama hanyar gona hannu biyu ba komai.

Tun daga nesa suka hango ni. Na ga waɗanda ke kwance suna tashi zaune. Na ga butar wanke hannu ta fara zagayawa. Sai da na matso suka lura ba komai a kaina, butar ta tsaya a hannun wani. Na durƙusa a gaban Baffa, idona a ƙasa, na ce, “Baffa, ƙarya na yi. Babu tuwo. Abin da kuka ci ɗazu shi ne abincin.”

Ina jin kukan kurciya a kan ɗorawar.

Baffa ya ce, “Wanne?”

Na ce, “Kwaɗon.”

Ya ce, “Kwaɗon shi ne abincin.”

Na ce, “E, Baffa. A asibiti an ce mai da gishiri da tuwo da yawa suna kawo hawan jini. Na ji tsoron kada wani ya faɗi.”

Iro ya dubi saurayin nan da ya hana ci, ya ce, “Ka yafe mini, ɗan'uwa, ni na cuce ka.” Sannan ya juyo ya ce, “Matarmu, mijinki aka auna ko mu? Ni rabona da asibiti tun rigakafin yara. Yanzu kam za a faɗi, amma ba jini ne zai kayar da mu ba.”

Aka fashe da dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji in da kai ake. Malam bai yi ba. Yana zaune yana tona ƙasa da tsinke, kunyar da ta kama shi ta fi tawa, don shi ya kira mutanen nan. Baffa ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, “Niyyarki mai kyau ce, 'yar nan, kuma kin dawo kin faɗi gaskiya. Tashi. Amma fartanya ba ta san ganye ba.” Ya ce kowa ya je gida ya sa wani abu a cikinsa, a dawo bayan la'asar.

Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Kusurwar gonar ta gabas ta kwana ba a cire ba. Ni da Malam da Baffa muka bi ta a kwanakin da suka biyo baya, muna tono da fartanya muna tsintar abin da ya tsinke. Wani abin mun same shi, wani ya zauna wa ɓeraye. Malam bai yi mini faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, “Da kin tambaye ni.” Na gwammace a ce zagina ya yi.

Labari kuwa kafin magariba ya gama gari. Matan da aka koma wa da yunwa a lokacin da ba su zata ba, kowace sai da ta ji dalili. Har yau in na shiga gidan biki ana rabon abinci, sai wata ta ce, “A ba ta ta duba, ko man ya yi yawa.”

Da kaka ta zagayo Malam ya sake kiran gayya, ina ta fargabar ba mai zuwa. Iro ya aiko a tambaya, wai ta tuwo ce ko ta asibiti. Na ce a gaya masa ta tuwo ce. Tun ana saura kwanaki na kai niƙa, na ari babbar tukunya, na yi miyar taushe da manta yadda aka saba, na cire wa Malam tasa daban. Sun zo, har da waɗanda ba a kira ba. Na sauke tuwo a gindin ɗorawa, na buɗe, na ja gefe ina jiran a sa albarka. Baffa ya dubi tuwon, ya dubi bayana, ya ce, “Kwaɗon fa?”

Tun daga ranar, duk gayyar gidanmu girki biyu nake yi, ga tuƙi ga yanka, ni kaɗai a garin. Abin da na koya shi ne, maganar asibiti ta wanda aka auna ce. Sauran jama'a kuwa a ba su tuwonsu, in an ga dama a ɗora musu lafiya a gefe, amma a sani in sun ɗanɗana ba za su yafe ta ba.