Fuskar Murmushin da Na Zaɓa wa Surukina

Ba za ni taɓa mantawa da shekarar da gero ya ƙone a tsaye ba, kuma ba yunwar ce ke dawo min da ita ba, abin da na tafka a gidan surukaina a Kamarawa ne.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin lafiya a Isa, aka ɗauke mu aikin wani bincike kan ciwon jiki: baya, gwiwa, ƙafa, duk abin da ke hana manomi sakat. Likitar da ke jan aikin (Dakta kawai muke ce mata, mace ce da ba ta wasa) ta ce da can kowane asibiti da irin tambayarsa. Na Sabon Birni ya tambayi wannan, na Isa ya tambayi wancan, in an zo haɗa amsoshi a rasa inda za a kama. Shi ya sa aka fito da takarda guda: a karanta wa kowa tambayoyin yadda suke, ba ragi ba ƙari. Sai wani kati mai fuskoki shida, daga mai murmushi har mai kuka, marar lafiya ya nuna tasa da yatsa. Duk wanda ya nuna biyun ƙarshe, a kawo shi gaban likita cikin satin.

A wurin horon nan ni ne sarkin iyayi. Ni ke gyara wa kowa. (Har wani na ce wa, "Malam, in ba ka iyawa ka koma gona." Allah Ya yafe min.)

Aka ba ni Kamarawa, garin su matata. Ina ta murna za ni je a gan ni da jaka da biro, sai na duba jerin sunaye. Na bakwai mahaifinta ne. Rijiyoyi sun ja a shekarar, maza na ta ƙara musu zurfi, dutse ya suɓuce ya sami Baba a ƙafa. Mu dai abin da aka ce mana, ɗan rauni ne.

To, shekarata huɗu da aure ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba. Tun daga waje nake cire takalmi, in durƙusa a bakin zaure kaina a ƙasa. Ga tambaya ta tara tana cewa, "Ciwon yana hana ka tsugunno a bayan gida?" Ta goma kuwa tsakaninsa da iyalinsa take tambaya. Ni? Baba? Wallahi gara in tauna takardar in haɗiye.

Na durƙusa na ce, "Baba, ya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Na yi masa addu'a na sulale. Na ji wani wari a zauren, amma shekarar nan ko'ina mushen dabbobi ne, ban kawo komai ba. Na zauna gindin wata darbejiya na cike takardar da kaina tsaf, na zagaye fuska ta biyu, mai ɗan murmushi. (Ban ba shi ta farko ba, wai kada a ce na yi son kai.)

Bayan sati biyu Dakta ta ce za ta zaɓi wasu takardu ta je ta sake tambaya da kanta, ta ga ko aiki na tafiya daidai. Ta cusa hannu cikin tulin ba ta ko duba ba, ta zaro. Kamarawa, lamba bakwai. Na ce, "Dakta, tsohon nan ba ya cika zama gida ba." Ta ce, "Mai ciwon ƙafar?" Na tada babur.

Da muka isa ta zauna kan tabarma tana fuskantar Baba, ta sallami maƙwabta, ta ce ni in tsaya da tawa takardar a gwada. Ta fara karantawa, kalma bayan kalma.

"Baba, ciwon yana hana ku barci?"

"Ɗiyata, rabona da kwana tun rad da dutcen ga ya hwaɗo."

"Tsugunno fa?"

"Sai an riƙe ni."

Ta miƙa katin. Ya daɗe yana dubawa, ya ɗora yatsa kan mai kuka, ya ce, "Babu wadda ta hi wagga?" Sannan ya yaye zanen da ya rufe ƙafar.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ranar na fara ɗaga kai a zauren nan. Ƙafar ta kumbura kamar turmi, yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin. Ashe warin da na ɗora wa mushe daga nan yake fitowa, taku uku daga inda na durƙusa. Biron ya faɗi, na kasa ɗauka.

Dakta ta ce, "Amma Baba, takarda ta ce mai murmushi kuka nuna."

Ya ce, "Wace takarda? Shi ai gaishe ni ya yi, ni ko na amsa mai gaisuwa. Da ya tambaye ni da na hwaɗa mai."

Ko kallona bai yi ba, kuma babu fushi a muryarsa. Wannan ya fi mari zafi. Dakta ma ba ta ɗaga murya ba, ce min kawai ta yi, "Ka san abin da sati biyu ke yi wa ƙafa?"

A ranar aka kai shi asibiti. An ceto ƙafar, amma yatsun nan biyu sun tafi. Matata ta yi kwana uku ba ta ce min ci kanka ba, da ta buɗe baki kuwa sai ta ce, "Kunyarka ta cinye wa Baba yatsu." Aka mayar da ni garin Turba, aka ba wani Kamarawa ya sake duk takarduna, aka kuma ƙara layi guda a ƙa'idar aikin: kada a tura kowa gidan surukansa. An karanta shi a gaban kowa ba a faɗi suna ba, amma wanda na ce ya koma gona sai da ya juyo ya kalle ni.

Abin da na koya dai shi ne "da sauƙi" amsar gaisuwa ce, ba a cike takarda da ita. Baba kuwa bai bar ni na manta ba. Har yanzu in na durƙusa na ce, "Baba, ya jiki?" sai ya ce, ko gaban wa, "Gaisuwa kake ko tambaya?"

In ce, "Duka biyu, Baba."

Sai ya miƙo ƙafar mai yatsu uku, ni kuma in ɗaga kai in duba.